Alhaji Alhassan Dantata Da Amanar Sayen Kaya

'Yan'uwa 'yan kasuwa, yau tarihin mutumin da ya yi suna wajen saye za mu waiwaya, domin mu da muke Katako da Farin Gada mun san riba tun wurin saye ake samunta, haka ma haram tun can take shiga dukiya.

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fatake na asali. Mahaifinsa Madugu Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta koma Ankara ta ƙasar Gana, sai wata baiwa mai suna Tata ta riƙe shi. Daga nan sunan Dantata ya samo asali. Ya yi karatun allo, yaƙin basasar Kano da ya fara a 1893 ya rutsa da shi, sannan ya bi hanyar Gwanja fataucin goro.

To, goro shi ne makarantarsa ta biyu. Duk wanda ya taɓa huhun goro ya san kaya ne marar haƙuri: a lulluɓe da ganye, a buɗe a tsince, a yayyafa ruwa, ga tafiyar watanni. Ruɓaɓɓe ɗaya in ka ɓoye shi cikin huhu, kafin a iso Kano ya lalata sauran. Sana'a ce da algus ke tona asirin mai shi da kansa. Daga baya ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Gana zuwa Ikko, ya rage kwanakin hanya, asara ta ragu.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. A 1918 kamfanin Turawa na Niger Company ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa, kamfanin da a 1929 ya narke cikin UAC. Ga yadda abin yake tafiya. Kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka. Shi ya rarraba wa yaransa, su bazu ƙauyuka da sikeli da buhuna, wasu kuma su miƙa wa 'yan baranda. Gyaɗa ta taho a kan jakai da raƙuma, a tara a Kano, a jera buhuna har su zama dala kafin jirgi ya kwashe zuwa Ikko. Ku duba hannu nawa kuɗin nan suka bi. Yawancin masu karɓa babu wani jingina, sai sanin asali da sanin gida. Yaro ɗaya ya taɓa sikeli, ko ya haɗa gyaɗa da tsakuwa, sunan ubangida ne zai ɓaci a ƙauye da kuma wurin Bature. Ni a ganina jarin Alhassan na gaske shi ne iya zaɓen mutum, da kawo kaya a lokacin da ya yi alkawari. Wanda bai cika ba, kamfani ba ya sake ba shi kuɗi baɗi, shi kuwa shekara da shekaru ana ƙara masa.

Amma fa kada mu shafa wa zamanin mai. Farashin gyaɗa ba manomi ke yanka shi ba, kamfanonin Turawa ne, daga baya kuma hukumar ciniki ta gwamnati. Manomi shi ne na ƙarshe a layi, kuma kasonsa ne mafi ƙanƙanta. Irin wannan muke gani yau idan mai tumatir ko dankalin Turawa ya sauke kaya a Farin Gada, rana tana yi, dillali ya san ba zai iya komawa da shi gida ba, sai ya karya masa farashi. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu Suratul Muɗaffifina, kuma tauye mudu bai tsaya ga mai sayarwa ba, mai saye da ke cika nasa ya yi tozo yana ciki.

A 1929 da bankin Turawa, wanda yau ake kira First Bank, ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Duk da haka an san shi da tsimi da rashin almubazzaranci. Ya yi aikin hajji tun ana tafiya a jirgin ruwa.

Da ciwo ya tsananta a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya kada su raba kasuwancin, su riƙe zumunci. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari, ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Cikin 'ya'yansa akwai Sanusi, kakan Aliko Dangote ta wajen uwa, da Aminu, wanda ya rasu a 2025. Allah ya jiƙansu da rahama.