Mai Shari'a Muhammad Bello: Ɗan Muftin Katsina da ya faro daga duba fayil

Kafin ya zama ɗan Arewa na farko da ya riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya, Muhammad Bello ya faro ne daga ɓangaren shari'a da jama'a ba su cika lura da shi ba, wato abin da ake yi kafin a fara sauraron shaidu.

An haife shi a Katsina a 1930, mahaifinsa Malam Muhammadu Giɗaɗo shi ne Muftin Katsina. Ya karanci aikin lauya a Ingila, kamar Mamman Nasir wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina Hakimin Malumfashi. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauke shi lauyan gwamnati mai neman sanin makamar aiki. Aikin irin wannan lauya shi ne duba fayil ɗin 'yan sanda, tsara tuhuma da amsa buƙatar beli.

A 1961 ya zama majistare, jim kaɗan bayan Arewa ta fara aiki da sabuwar dokar shari'ar laifuka. A ƙarƙashinta, majistare kan yi binciken share fage a manyan laifuka, ya duba ko hujja ta isa a tura mutum babbar kotu ko a sallame shi. Ba ƙaramin zama ba ne. Manomin Matazu da shari'arsa ta faɗo gaban majistare da damina, a nan zai san ko da shi za a yi girbi.

Ya zama daraktan gabatar da ƙararraki na Arewa a 1964, ya shiga Kotun Ƙoli a 1975, ya shugabance ta daga 1987 zuwa 1995. Allah ya yi masa rasuwa a 2004.