Taƙaitaccen Tarihin Gaston Defferre, Lauya Kuma Magajin Garin Marseille

An haifi Gaston Defferre ranar 14 ga watan Satumba na shekarar 1910 a Marsillargues, wani ƙaramin gari da ke kudancin ƙasar Faransa. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Dakar ta ƙasar Senegal, inda mahaifinsa ya koma da zama. Bayan ya kammala karatun shari'a a Aix-en-Provence, ya fara aikin lauya a birnin Marseille a shekarar 1931, sannan ya shiga jam'iyyar gurguzu mai sassaucin ra'ayi ta SFIO a 1933.

Da sojojin Jamus suka ci Faransa da yaƙi a 1940, gwamnatin da ta kafu a Vichy ta miƙa wuya, amma Defferre ya ƙi bin ta. Ya shiga ƙungiyar asiri ta Brutus, wadda ke tattara labarin motsin abokan gaba tana aika wa rundunar Janar de Gaulle a Landan, har ya zama ɗaya daga cikin shugabanninta. Aiki ne na sayar da rai, domin da yawa daga cikin waɗanda aka kama ba su dawo ba. Da aka 'yantar da Marseille a watan Agusta na 1944, shi da mutanensa suka karɓe wata jaridar birnin, suka sa mata suna Le Provençal, kuma aka ba shi riƙon magajin gari har zuwa 1945.

A shekarar 1953 ya sake hawa wannan kujera, bai kuwa sauka ba sai da mutuwa ta raba, wato shekara 33 ke nan. A zamaninsa aka buɗe jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a birnin a 1977. Sai dai masu sukarsa sun zarge shi da raba ayyuka da gidaje ga magoya bayansa domin ya riƙe mulki.

Abin da ya fi haɗa sunansa da Afirka shi ne dokar 23 ga Yuni, 1956, wadda ya gabatar yana ministan ƙasashen da Faransa ke mulka, tare da taimakon Félix Houphouët-Boigny. Dokar ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a, ta soke raba rajistar zaɓe tsakanin Turawa da 'yan ƙasa, ta kuma kafa majalisar zartarwa a kowace ƙasa. Da ita ne aka yi zaɓen 1957 a Nijar, wanda ya kai Djibo Bakary ga muƙamin mataimakin shugaban majalisar gwamnati, gwamna Bature yana shugabanta. Léopold Sédar Senghor kuwa ya soki dokar, yana ganin ta daddatsa Afirka ta Yamma zuwa ƙananan ƙasashe marasa ƙarfi. Shekara huɗu bayan haka, a 1960, yawancin ƙasashen suka sami 'yancin kai ɗaya bayan ɗaya.

Defferre mutum ne mai zafin rai. A 1967 cacar baki a majalisar dokoki ta kai shi ga yin fito-na-fito da takobi da ɗan majalisa René Ribière, wanda ya ji wa rauni sau biyu. A 1969 ya tsaya takarar shugaban ƙasa, amma kashi 5 cikin 100 kawai ya samu.

Da François Mitterrand ya hau mulki a 1981, ya naɗa shi ministan cikin gida. Dokar 2 ga Maris, 1982, wadda ake kira da sunansa, ta ɗauke ikon zartarwa na larduna daga hannun jami'an da Paris ke naɗawa, ta mayar da shi ga shugabannin majalisun da jama'a suka zaɓa. Ta kuma cire sharaɗin neman amincewar waɗannan jami'ai kafin hukuncin majalisar gari ya fara aiki.

Ya mutu a Marseille ranar 7 ga Mayu, 1986, bayan faɗuwar da ya yi a gidansa, yana da shekara 75. Ya bar matarsa, marubuciya Edmonde Charles-Roux, wadda ya aura a 1973.