Luka Likita: Marubucin da Ya Tsara Labarin Yesu

Sau uku kawai aka ambaci sunan Luka a Sabon Alkawari: Kolosiyawa 4:14, Filimon aya 24, da 2 Timoti 4:11. Duk da haka littattafansa biyu, Bisharar Luka da Ayyukan Manzanni, sun fi kashi ɗaya cikin huɗu na Sabon Alkawari. Likita ne, kuma tsoffin marubutan ikkilisiya sun ce mutumin Antakiya ne ta Suriya.

A Ayyukan Manzanni 16, a Taruwasa, labarin ya koma bakin wanda ake tafiya tare da shi. Luka ya raka Bulus zuwa Filibi, daga baya zuwa Urushalima, kuma yana cikin jirgin ruwan da ya farfashe a Malita kan hanyar Roma. Tsakanin tafiyoyin nan biyu na ƙarshe Bulus ya yi shekara biyu a tsare a Kaisariya. Masana da yawa suna ganin a lokacin ne Luka ya sami damar sauraron waɗanda suka ga Ubangiji da idonsu, domin shi bai gan shi ba.

Abin da ya tattara bai zuba shi barkatai ba. Bishararsa ta fara a Haikali da Zakariya, ta ƙare a Haikali da almajirai suna yabon Allah. Daga 9:51 har sura 19, tafiya ɗaya ce zuwa Urushalima, saboda haka misalin Basamariye da labarin Zakka duk a kan hanyar gicciye aka ba da su. Yana yawan jera namiji da mace: Saminu da Hannatu, makiyayi da tunkiyarsa, mace da kuɗinta da ya ɓata.

'Yan'uwa, mu masu wa'azi mukan tsinko aya ɗaya mu bar sauran, mu yi hasarar wannan tsari. Dubi sura 15. Ta buɗe da gunagunin Farisiyawa don Yesu yana ci da masu zunubi. Ta rufe da babban wa a tsaye a waje yana fushi, ubansa yana lallashinsa. Luka bai ce ya shiga ba. Wanda ya fara karatu daga aya 11 ba zai gane da wa ake magana ba.

Sa'ad da Bulus yake kurkuku a Roma yana jiran mutuwa, Dimas ya yashe shi, wasu sun tafi aiki wasu wurare. Luka kaɗai ya rage tare da shi. Wani tsohon rubutun ikkilisiya ya ce Luka ya rasu a ƙasar Girka yana da shekara 84.