Alhaji Abubakar Imam, Wanda Ya Rubuta Wa Yara Littattafai

Babban hutu ya zo. Daga ƙarshen watan Yuli har zuwa Satumba makarantu a rufe su ke, yaranmu na Yelwa da Wara da Ngaski da Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji suna gida. Waɗansu za su bi iyayensu gona, waɗansu kuma su shiga jirgi su taya jan taru, wannan kuwa daidai ne. Amma kowane malamin makaranta ya sani, yaron da ya yi wata biyu bai buɗe littafi ba, in ya koma aji sai karatu ya yi masa nauyi a baki. Sabo da haka a wannan wata za mu ba da labarin wani mutum wanda ya yi wahala ƙwarai domin yara masu jin Hausa su sami abin karantawa mai daɗi. Littattafansa suna nan har yanzu, sun kuwa dace da 'yan aji huɗu na firamare zuwa 'yan ƙaramar sakandare.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a shekara ta 1911. Garin ba shi da nisa da mu ainun, gama wanda ya tashi daga Yauri ya bi ta Kontagora zuwa Tegina ya kusa isa. Ubansa, Malam Shehu Usman, malami ne, alƙali kuma. A gida yaron ya fara karatun allo da na Larabci. Yana da wa mai suna Muhammadu Bello, wanda a ke ce da shi Bello Kagara, shi kuwa malami ne a Katsina. Sa'ad da Abubakar ya kai shekara 11 aka kai shi wurin wan nan nasa, ya shiga makarantar boko. A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, inda a ke horad da malaman makaranta na dukan Arewa. Ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyad da Turanci a makarantar Midil ta Katsina. Watau tun farkon aikinsa yara masu shekara 10 zuwa 15 ne a gabansa kowace safiya, ya san abin da ke sa su dariya, ya kuma san abin da ke sa su gyangyaɗi.

A zamanin nan akwai wata babbar damuwa. Ana koya wa yara karatun boko, amma in sun iya, ba abin da za su karanta sai littattafan aji kaɗan da aka juyo daga Turanci. A 1932 ne aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, amma littattafan hira waɗanda Bahaushe ya rubuta da kansa babu. Wani Bature, Dokta Rupert East, shi ne shugaban ofishin fassara da talifi a Zariya. A 1933 ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labari su rubuta, ya sa gasa. Abin ya zo wa mutane baƙo, gama a ganin manya tatsuniya aikin mata da yara ne da dare, ba abin da malami zai ɓata tawada a kai ba. Duk da haka waɗansu suka amsa, aka zaɓi littattafai biyar aka buga. Su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida, ɗan ekklesiyar Wusasa, ya rubuta tare da East. Biyu daga cikin biyar ɗin daga gida ɗaya su ka fito. Shekarun Abubakar 22 sa'ad da ya rubuta nasa.

Ruwan Bagaja labarin wani Alhaji ne wanda ya bar gida ya shiga duniya neman wani ruwa mai warkad da cuta. A hanya ya yi ta karo da wani abokin hamayya, Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa yana shirya wa ɗan'uwansa dabara, yau wannan ya ci, gobe wancan ya rama. East ya ga saurayin nan yana da baiwar da ba kowa ke da ita ba, watau yana rubutu kamar mai hira a dandali. Sai ya roƙa a ba shi aronsa.

A 1936 aka kai Abubakar Zariya, ya yi wata shida. East ya tara masa littattafan labaru na ƙasashe dabam dabam: na Larabawa kamar Dare Dubu da Ɗaya, na Indiya da Farisa, da tatsuniyoyin Jamus waɗanda 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm su ka tattara. Abubakar ya kan karanta labari, ya rufe littafin, sa'an nan ya sāke gina shi a ƙasar Hausa. Ya ba mutanen ciki sunayenmu da tufafinmu da abincinmu, ya sa musu karin magana a baki, har mai karatu ya rantse a ƙauyensu abin ya faru. Ga misali, akwai labarin Jamusawa na wata mai dafa abinci wadda ta cinye kaji biyu da aka soya wa baƙo, ta kuma yi dabara ta kore shi. A hannun Abubakar ya zama labarin Kalala da Kalalatu, wanda ba Bahaushen da zai ce baƙo ne. Ya haɗa da waɗansu na gida da waɗanda ya ƙaga da kansa. Abin da ya fito daga aikin wata shidan nan shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, na fari ya fito a 1937, sauran su ka biyo baya.

Ku dubi yadda ya ɗaure labarun domin yaro kada ya ajiye littafin. A littafi na ɗaya wani sarki, Abdurrahman, ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Mugun waziri yana so yaron ya fita daga fāda domin a hallaka shi. Ba mai tsaronsa na gaskiya sai wani aku. Kowane dare Musa ya yi shirin fita, sai aku ya jawo wani labari, yaron ya tsaya ji, kafin a gama gari ya waye. Haka aka yi ta yi har sarki ya komo, asirin waziri ya tonu, aka naɗa aku a matsayinsa. A littafi na biyu akun ya yi gasar ba da labari da wani aku na wata ƙasa. A na uku yana koya wa ɗansa sana'ar magana. Tsuntsu marar ƙarfi ya ceci ɗan sarki da bakinsa kaɗai, daga nan ne sunan littafin ya fito.

Bayan wannan East bai yarda ya rabu da shi ba. A watan Janairu 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na fari, ya yi shekara 12 yana wannan aiki. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya tafi Ingila tare da waɗansu 'yan jarida na Afirka ta Yamma, har da Dokta Nnamdi Azikiwe. Da ya komo ya rubuta labarin tafiyar, ya sa masa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Shi da East kuma su ka rubuta Ikon Allah, littattafai masu bayyana wa yara al'amuran halitta, na sama da na ƙasa. Yana cikin waɗanda su ka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zauna a majalisa, daga baya ya yi shekaru a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na Dokta. Ya rasu a Zariya ran 19 ga Yuni 1981, yana da shekara 70. Muƙamansa yanzu sai masu tarihi ke tunawa da su, amma aku da Malam Zurƙe har jikokin waɗanda su ka fara karanta su sun san su.

Wani zai tambaya, ko ya kamata ɗan ekklesiya ya karanta littafin da malamin Musulmi ya rubuta? Gaskiya ne Alhaji Abubakar Musulmi ne mai riƙon addininsa, mutanen cikin labarunsa ma haka. Akwai kuma aljannu da bokaye da masu wayon banza a ciki. Amma mu tuna Musa ya koyi ilmin Masarawa, Daniyel kuma ya karanta littattafan Babila, ba wanda ya rasa bangaskiyarsa ta wurin haka. Labarun nan suna kunyatad da rowa da ƙyashi da ragwanci da cin amana, abubuwan da mu ma mu ke yi wa 'ya'yanmu faɗa a kai. Akwai wani dalili kuma wanda ya shafe mu musamman. Da yawa cikinmu Kambari ne, ko Gungawa, ko Shangawa, ko Dukawa. Yaranmu suna jin harshen gida, suna jin Hausar kasuwa, a makaranta kuwa ana fama da Turanci. Ran Lahadi a miƙa wa yaro Littafi Mai Tsarki na Hausa ya karanta aya biyu, sai ka ji yana tuntuɓe a kan kowace kalma. Yaron da ya bi aku har ƙarshen littafi uku, bakinsa ya saba, ba zai ji tsoron Zabura ko Ayyukan Manzanni ba.

Ga shawara a kan yadda za a raba su. 'Yan aji huɗu da biyar su fara da Magana Jari Ce na ɗaya, gama labarunsa gajeru ne, ana gama ɗaya a zama guda. 'Yan aji shida su ɗauki na biyu da Ruwan Bagaja, wanda ba shi da kauri, mai ƙwazo zai gama shi cikin mako. 'Yan ƙaramar sakandare su karanta na uku, su ƙara da Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka ƙetare hamada da shi a zamanin bauta, uwarsa kuwa ta bi sawunsa tana nema. Su karanta Ganɗoki kuma, gama farkonsa yana maganar Kontagora da zuwan Turawa. In sun kai nan, a aike su wurin kakanni su ji yadda yaƙe-yaƙen zamanin nan su ka taɓa ƙauyukanmu, domin jarumin littafin ta gefen mayaƙa ya ke ba da nasa labari, tsofaffinmu kuwa suna da nasu. Jiki Magayi maganar fansa ce da mugun ƙarshenta, gara a bar wa waɗanda su ka ƙara girma, ko kuwa a karanta shi tare da babba.

Ba lalle kowane gida ya sayi duka ba. An sāke buga littattafan nan sau da yawa a Zariya, mai zuwa birni a ba shi sako ya tambaya wurin masu sayad da littattafan makaranta. In gida biyar su ka sayi ɗaya ɗaya su ka riƙa musaya, kowane yaro zai karanta biyar kafin a koma. Ekklesiya ma tana iya ajiye su cikin akwatin ƙarfe sabo da gara da laima, malamin makarantar Lahadi ya riƙe takardar sunayen masu aro. Lokacin karatu kuma ba wuyar samu. Ran da ruwa ya hana zuwa gona, ko iska ta hana jirgi fita, ko da yamma bayan an ci tuwo, a sa yaro ya karanta da ƙarfi, kowa yana ji. Uwar da ba ta yi makaranta ba ita ma tana da aiki a nan: in ya gama, ta sa shi ya maimaita labarin da bakinsa, ta tambaye shi wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure, me ya sa. Inda aka zo kan boka ko aljani, uba ya tsaya ya bayyana abin da mu ka gaskata. Kada a mai da shi horo, kada kuma a riƙe bulala, gama mutumin da ya rubuta su so ya ke yaro ya yi dariya.

Iyaye da dattawan ekklesiya, wata biyu ba ya daɗewa. Alhaji Abubakar Imam ya yi nasa aiki cikin wata shida, yara suna cin amfaninsa fiye da shekara 80. Namu kaɗan ne, mu nemo littafin mu sa a hannun yaro, mu zauna mu ji. Allah ya ba 'ya'yanmu son karatu, ya komo da su makaranta lafiya.