Pierre Gandon: Hannun da ya zana fuskar Faransa a kan tambur

Duk wanda ya riƙe tsohon tambur na Faransa, wato kan sarki, ya duba can ƙasansa, zai ga wani ɗan ƙaramin suna. Sunan wanda ya zana ko ya sassaƙa hoton ne. Cikin sunayen da masu tara tambur suka fi sani akwai Gandon.

An haifi Pierre Gandon a 1899 a L'Haÿ-les-Roses, kusa da birnin Paris. Gadon sana'ar ya yi, domin mahaifinsa Gaston ma sassaƙa yake yi a kan ƙarfe. Ya yi karatu a makarantar Estienne da ta Beaux-Arts, kuma tun yana saurayi ya ci kyautar Prix de Rome.

Aikin na masu haƙuri ne. Ana ƙarta hoton a kan ɗan guntun ƙarfe da tsinin wani abin sassaƙa, a juye, daidai girman tambur ɗin, ana dubawa da gilashin ƙara girma. Tawada takan kwanta cikin ramukan, sai a danna takarda ta kwashe ta. Shi ya sa idan ka shafa irin wannan tambur da yatsa, za ka ji tudun layukan. Faransawa na kiran wannan fasaha taille-douce.

Wani tamburinsa ya fito a 1941, kuma na Dahomey ne, Jamhuriyar Benin ta yanzu, ɗauke da hoton wata mace 'yar ƙasar. Daga nan ya yi ɗaruruwa, na Faransa da na ƙasashen da ta mulka.

Sai dai lokacin Jamus na mamaye da Faransa. A 1942 ya yi wa gwamnatin Vichy tamburin Légion tricolore, rundunar Faransawan da suka goya wa Jamus baya a yaƙi. Da aka 'yantar da ƙasar, an dakatar da shi daga aiki. Dakatarwar ba ta daɗe ba, domin zanensa aka zaɓa na Marianne, macen da ke wakiltar Jamhuriya. Ya fito a 1945, kuma har yau ana kiransa Marianne de Gandon.

Da tsufansa aka sake komawa gare shi. Ya sassaƙa Sabine a 1977 daga zanen David, sannan Liberté a 1982 daga zanen Delacroix, yana da shekara fiye da 80. Ya rasu a 1990.

Gwamnatoci masu gaba da juna sun nemi hannunsa, kuma ya yi wa kowacce aiki. Mai tara tambur da ya jera na 1942 kusa da na 1945 zai ga suna ɗaya a ƙasansu.