Margaret Knight: Ma'aikaciyar masaƙa da ta zana injin haɗa jakar takarda

An haifi Margaret Eloise Knight a ranar 14 ga Fabrairun 1838 a garin York da ke Jihar Maine a Amurka. Tana ƙarama mahaifinta ya rasu, sai mahaifiyarta ta ƙaura da 'ya'yanta zuwa Manchester a Jihar New Hampshire, garin da ya yi suna da manyan masaƙun auduga. Karatun Margaret bai yi nisa ba, domin talauci ya sa ta shiga aikin masaƙa tana 'yar shekara 12. Tun kafin lokacin an san ta da son kayan aikin kafinta, har takan ƙera wa yayyenta maza kayan wasa da hannunta.

A masaƙar ce ta ga ƙoshiyar saƙa mai bakin ƙarfe ta kuɓuce daga inji ta raunata wani ma'aikaci. Irin wannan haɗari ya zama ruwan dare a masaƙun wancan zamani. Yarinyar ta ƙirƙiro wata dabara da za ta hana aukuwarsa, kuma wasu masaƙu suka riƙa amfani da ita. Sai dai ba a yi wa dabarar rajista da sunanta ba, don haka ko sisi ba ta samu ba. Bayan rashin lafiya ta raba ta da masaƙar, ta taɓa sana'o'i dabam-dabam, kamar gyaran gidaje, ɗinkin kujeru, ɗaukar hoto da zane a kan ƙarfe. Waɗannan sana'o'i su suka zame mata makarantar da ba ta samu shiga ba.

A 1867 ta koma Springfield a Jihar Massachusetts, ta kama aiki a kamfanin Columbia mai yin jakunkunan takarda. Tun 1852 Francis Wolle ya ƙera injin yin jakar takarda, amma jakarsa kamar ambulan take, ba ta tsayuwa da kanta kuma ba ta ɗaukar kaya masu kauri. Jaka mai shimfiɗaɗɗen gindi kuwa da hannu ake naɗe ta, abin da ya sa take da tsada. Margaret ta ƙudurta yin injin da zai yanka takarda, ya naɗe gindinta, ya manne shi da gam, duk a zagaye guda.

Wahalar aikin tana wajen naɗin. Hannun mutum yana jawo gefen takarda, ya kwantar da shi, ya danne, ba tare da ya yi lissafi ba. Shi kuwa inji dole ne a tsara masa kowane motsi da lokacinsa. Margaret ta zana wani ɗan yatsan ƙarfe mai riƙe bakin takardar da aka naɗe kamar bututu ya jawo shi baya, da wani faifai mai kaifi da ke shiga ya kafa layin naɗin, sannan ta daidaita motsinsu yadda ɗaya ba zai riga ɗaya ba. A 1868 ta kammala samfurin katako, kuma ya fitar da jakunkuna masu yawa a gwaji.

Domin neman takardar mallakar ƙirƙira, ta kai samfurin wani shagon maƙeran injuna a Boston a yi mata shi da ƙarfe. A can wani mutum mai suna Charles Annan ya ga injin, ya nazarce shi, ya riga ta yin rajistar makamancinsa da sunansa. Wannan karon Margaret ba ta bari abin da ya faru a masaƙa ya maimaita kansa ba. A 1870 ta shigar da ƙara a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire, aka yi kwana 16 ana sauraro, tana kashe kimanin Dala 100 a kowace rana, kuɗi mai nauyi ga ma'aikaciyar masana'anta.

Abin da ya cece ta shi ne takardunta. Ta gabatar da zane-zanen injin da ta yi da hannunta, da littafinta na rubuta al'amuran yau da kullum, da samfuran farko, da shaidun da suka ga aikin tun yana katako. Hujjojin suka nuna yadda tunanin ya faro a wajenta kuma ya girma mataki-mataki. Hukunci ya zo a gefenta, kuma a watan Yulin 1871 aka ba ta takardar mallaka mai lamba 116,842. Daga baya aka kafa kamfanin Eastern Paper Bag a Hartford da ke Jihar Connecticut domin cin moriyar injin, kuma a 1879 ta yi rajistar ingantaccen nau'insa.

Sauran rayuwarta ta ƙare ne a zanen injuna. Ta zauna a Framingham, tana da wurin aiki a Boston. A shekarun 1890 ta yi rajistar injunan yanka tafin takalmi, da injin buga lambobi, da sabon tsarin firam ɗin taga. Bayan ta haura shekara 60 ta karkata ga injuna masu juyawa, a daidai lokacin da mota ta fara yaɗuwa. Takardun mallakar da ta samu sun haura 20. Yawancinsu takan sayar wa kamfanoni ne kai tsaye, shi ya sa ribar da suka jawo ba ta tsaya a hannunta ba.

Margaret Knight ba ta yi aure ba. Ta rasu a Framingham a ranar 12 ga Oktoban 1914 tana da shekara 76, kuma dukiyar da ta bari ba ta kai Dala 300 ba. A 2006 aka sanya sunanta a zauren girmama masu ƙirƙira na Amurka. Samfurin injinta yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke birnin Washington, jaka mai shimfiɗaɗɗen gindi kuwa har yau da ita ake zuba wa masu sayayya kaya a kantunan ƙasashe da dama.