Nana Asma'u: Malamar da ta kai karatu ƙauye a bakin waƙa

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Ɗegel wajajen shekarar 1793, tagwaye da ɗan'uwanta Hassan. Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ƙuruciyarta ta ƙare ne cikin ƙaura da yunwa da yaƙe-yaƙen jihadi. Duk da haka karatunta bai tsaya ba. Ta tashi tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bayan daula ta kafu, wata matsala ta bayyana wadda takobi ba ya maganinta. Littattafan da Shehu da Abdullahi da Bello suka wallafa galibi da Larabci suke, alhali yawancin matan karkara ba su taɓa riƙe allo ba. Cikinsu akwai waɗanda yaƙi ya kwaso daga Gobir da wasu ƙasashe, waɗanda suka saba neman waraka a wajen 'yan bori. Su ne kuma ke renon yaran da za su gaji daular. In aƙida ba ta shiga ɗakunansu ba, to a takarda kawai za ta zauna.

Asma'u ta lura cewa mace na iya rera waƙa tana daka, tana kaɗi, tana goyo, ba tare da ta san baƙi ko wasali ba. Sai ta zuba darussa cikin baitoci. A waƙarta Sunago ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114 domin sauƙin hadda. A Godaben Gaskiya ta yi bayanin imani da ibada da sakamakon lahira. Ta kuma mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci. Amsa-amo da ma'auni su ne makaran baitocin: duk wadda ta tsallake kalma, kunne zai kama ta.

Domin waƙoƙin su isa inda ake bukatarsu, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Kowace tawaga tana da shugaba da ake kira jaji, dattijuwa amintacciya wadda Asma'u ke naɗa wa malfa da jan ƙyalle. Jaji kan jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana daga ƙauyensu zuwa Sakkwato, su haddace waƙoƙi, su koma su koya wa matan aure da ba su iya barin gida. Malfar da kanta hikima ce, domin alama ce da aka san Innar Gobir, shugabar bori, da ita. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan malama.

Kudancin Sakkwato yana da nasa rabo a wannan tarihi. Yayanta Muhammadu Buhari, wanda shi ma marubucin waƙoƙi ne, ya zauna ribaɗin Tambuwal, kuma da ya rasu ta yi masa marsiyya. Har yau a makarantun Islamiyya na Tambuwal da Kebbe da sauran garuruwan Arewa, da rerawa yara ke fara riƙe rukunan imani. Mabiya addinin Kirista ma sun san wannan hanya: a majami'un Baftis da gidajen mabiyansu, littafin waƙoƙi na cikin abin da ake koya wa yara aƙida da shi.

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta, kimanin sittin, a littafi guda. Kafin a buga shi, fiye da shekara ɗari matan karkara na riƙe da baitocin da ka, suna miƙa su daga kaka zuwa jika.